Daga Kano Zuwa Jidda: Ki Karanta Bizarki Kafin Ki Ɗaure Jaka

Tun da na dawo daga Umara a watan Rajab na 2025 wasiƙu ba su yanke ba, kuma kusan tambayar ɗaya ce: wai ya ake samun biza, nawa ake kashewa, kuma gaskiya ne mace tana iya tafiya babu muharrami? Wata ma daga Gusau cewa ta yi an yi mata alƙawarin biza mai sauƙi wadda za ta zauna da ita har ta yi aikin Hajji, ta riga ta sa filinta na gado a kasuwa. To 'yar uwa, dakata da sayar da filin nan tukuna, ki karanta wannan.

Kakanninmu da ƙafa da jaki suka yi tafiyar nan. Su bi ta Borno su ratsa Chadi su faɗa Sudan, su yi noma a hanya su tara guzuri, sai bayan shekaru su isa bakin Bahar Maliya su ƙetare. Wasu ba su ƙarasa ba, su ne jikokinsu ke Sudan har gobe suna Hausa. Mu kuwa daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda kamar awa biyar ce. Sai dai wahalar da aka ɗauke wa ƙafa an mayar da ita kan takarda.

Farko fasfo. Dole ya zama da sauran aƙalla wata shida kafin ya mutu, kuma ba a yin sabo sai da lambar katin ɗan ƙasa. Nan ne mata da yawa suke cijewa, domin sunan katin daban, na takardar haihuwa daban, ga kuma sunan miji da aka liƙa bayan aure. Hajiyarmu sai da ta yi sati uku tana gyaran harafi ɗaya tak. Tun Satumbar 2025 kuɗin fasfo mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma kuma naira 200,000. Sai katin rigakafi mai ruwan ɗorawa na cutar shawara, da allurar sanƙarau wadda ake so a yi kwana goma kafin shiga ƙasar. Kada ki yarda a rubuta miki kati babu allura. Cikin wannan turmutsutsu na ɗawafi, kanki kika cuta.

Bizar Umara yanzu ba a manna ta a cikin fasfo kamar da. Ta na'ura ake fitar da ita, ejan ya turo miki a waya ki je a buga miki a takarda. Ejan ɗin kuma ki tabbata yana da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, ba wanda ofishinsa ke cikin jakarsa ba. Daga watan Yuni na 2025 Saudiyya ta ƙara sharaɗin sai an kama miki masauki mai rajista kafin bizar ta fito, don haka duk wanda ya ce in kin sauka kya nemi wurin kwana, ki dube shi da kyau. In takardar ta zo hannunki ki zauna ki karanta, in ba kya jin Larabci ko Turanci ki kai wa mai ji. A jiki an rubuta irin bizar da kwanakin da aka ba ki. Akwai ta Umara, akwai ta ziyarar dangi, akwai ta aiki, akwai ta Hajji, kowace da iyakarta. A Nuwambar 2023 wani jirgi ya sauka Jidda da fasinja 264 daga Legas da Kano, aka soke bizar mutum 177 a nan take aka juyo da su gida, hukumomin Saudiyya suka ce bayanan da aka cike musu ba su dace da irin bizar da suka riƙo ba. Ki ƙiyasta a ranki, an yi miki rakiya har da kuka da yafe-yafe, washegari ga ki a ƙofar gida.

Maganar muharrami kuwa, manya ba su manta 2012 ba, shekarar da aka tsare matan Najeriya sama da dubu a Jidda da Madina saboda ba a ga muharramansu ba, aka dawo da ɗaruruwa daga cikinsu. Wannan dokar ta sauya. A 2021 aka ba mata damar rajistar Hajji babu muharrami, a 2022 kuma ministan Hajji na Saudiyya ya bayyana cewa mace tana iya zuwa Umara ba tare da shi ba. Wannan dokar ƙasa ce nake faɗa miki. Hukuncin addini kuma ki tambayi malaminki, sannan ki nemi izinin maigida, ni ba zan shiga tsakani ba. Mu dai da Yayanmu muka tafi, ni da Hajiya, kuma ko don ɗaukar kaya na gode Allah da ya zo.

Daren tafiya gidanmu ya cika da 'yan sallama, kowa da ƙunshinsa. Wannan a kai wa 'yarta yaji, waccan a kai wa ƙanwarta daddawa da kuka. Yaya ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Gwaggo ku yi haƙuri, ko allura ba za mu karɓa ba." Aka yi ta gunaguni wai ya cika tsanani. Amma wa ya manta ɗalibar nan da aka kama a Madina a ƙarshen 2018, bayan wasu marasa tsoron Allah sun liƙa sunanta a jakar ƙwaya tun daga filin jirgi? Wata huɗu ta yi a tsare kafin gaskiya ta fito, a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kan kai ga kisa. Goro ma da muke ganin ba komai ba ne, kullum ana gargaɗin maniyyata kada su ɗauka. Hajiya ta ji zafin wannan fiye da komai.

Mun sauka Jidda da asuba. Layi ne dogo, ga sanyin na'ura ga barci a ido. In an zo kanki jami'in shige da fice zai ɗauki hotonki, ki ɗora yatsu a kan gilashi. A nan na tausaya wa wata amarya da ke gabana, an yi mata ƙunshi baƙi wuluk har bisa kan yatsu, na'ura ta ƙi karanta hannunta. A goge a sake, a goge a sake, angon yana gefe yana haɗa gumi cikin harami. Sai da suka kusa awa kafin a sallame su. Don Allah masu shirin tafiya a bar kan yatsu fari, lallen ya jira a dawo.

Daga Jidda muka kama hanyar Makka a mota. Kafin a shiga akwai shingen Shumaisi, inda hanyar wanda ba Musulmi ba take rabuwa. Mu a Rajab ko tsayar da mu ba a yi ba, amma direbanmu ya ce da Hajji ya matso, tsuntsu ma sai ya nuna takarda. Ba zan iya kwatanta muku ganin Ka'aba na farko ba, Hajiya dai durƙushewa ta yi tana kuka, ni ma na taya ta. A Madina kuma shiga Rauda sai da izini a manhajar Nusuk ta waya, a ba ki rana da lokaci, saboda haka kada ki bar wayarki a gida ki ce ibada kika zo.

Yanzu ga amsarki, 'yar uwata ta Gusau. Bizar Umara tana ba ki zaman har kwana 90, amma ba ta kai ki Arfa. Kowace shekara ana yanke ranar da 'yan Umara za su fice kafin Hajji, a 2025 ranar 29 ga Afrilu ce, ɗaya ga Zulƙida. A shekarar an sa tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda aka kama zai yi Hajji babu izini, a kore shi kuma a hana shi shiga ƙasar shekara goma. Ko kin tsallake askarawa, ba ki da tanti a Mina, ba ki da mota, ba ki da inuwa. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50, mutum 1,301 suka rasu, kuma Saudiyya ta ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin aikin. Wanda ya karɓi kuɗinki yana Kano ko Gusau a ƙarƙashin fanka.

A bayan masaukinmu a Misfala akwai wata baiwar Allah da take zuwa da daddare da tuwo da miyar kuka a cikin kula. Hajiya ta gaji da shinkafa da kaza, don haka kullum ni ake aike. A dare na uku ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, 'yar Kano ce ke?" Na ce eh. Ta ce ita ma. Da bizar Umara ta shigo shekara tara da suka wuce, mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, wata hajiya ta ce ta zo ta yi aikatau shekara ɗaya ta tara jari. Fasfonta yana hannun hajiyar, hajiyar kuma ta ɓace. Da a Jidda take zaune, da aka rushe unguwannin Karantina da Sabil wajen 2022 ta dawo Makka. Ba ta da igama, wato takardar zama, saboda haka ba ta zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinta, ba ta iya aika kuɗi da sunanta, in ta hangi motar askarawa sai ta bar kular ta shige lungu. Irinsu ne a gida muke kira takari muna ganin suna cikin daula.

Na ce, "Yaya, me zai hana ki koma gida?"

Ta yi 'yar dariya ta ce, "In miƙa kaina a kai ni tarhil, a sauke ni a Kano da leda ɗaya? Autana da na bari yana rarrafe yanzu yana aji huɗu. Me zan ce na kawo masa?"

Ranar da za mu taso ta zo da turmin yadi da dabino a kai wa mahaifiyarta. Na dubi Yaya, ya girgiza kai. Ita da kanta ta ce ta gane, ta mayar cikin jaka, ta ba ni kwatancen gidan da saƙon baki kawai: tana gaishe su, tana lafiya, a sa yaran a Islamiyya.

Bayan mun dawo da sati guda na nemi gidan a cikin birni. Tsohuwar tana zaune a kan tabarma, idonta ya yi rauni. Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni, na zuba mata zamzam a ɗan kofi daga cikin lita biyar ɗin da aka bar kowannenmu ya taho da ita. Ta sha, ta shafa sauran a ido, sannan ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, ba ta ce miki ga ranar da za ta zo ba?"

Na ce ba ta ce ba, Baba.