Akun Baba

Ranar rabon gadon Baba a Dawce, aku na zaɓa, don har gobe da muryar marigayin yake sallama. Da damina ta faɗi sai ya sake hali: ya kumbura gashi, ya ɓuya ƙarƙashin gado, ya tsaga wa ƴata yatsa. Uwargida ta ce ko in kai shi kasuwar Matamaye, ko ita ta tafi gida.

Likitan dabbobi a Damagaram ya ce lokacin barbara ne. Ashe shafa bayan da nake masa, a wurinsa zance ne, shi ya sa yake kishi da mai kusantata. Yanzu kansa kaɗai nake sosawa, na rage gyaɗa, na toshe lunguna, ina lulluɓe keji da magariba. Cizo ya ragu. Yarinyar dai daga bakin ƙofa take amsa sallamar kakanta.