Kwamfutarka Na Sandarewa Idan Ka Kunna Ta Da Batir? Dakata, Kar Ka Yi Mata Fomat

Akwai matsalar da ake yawan kawo min a nan Maigatari: kwamfutar tafi-da-gidanka tana tashi lafiya lau idan tana jikin caja, amma da ka kunna ta da batir kaɗai, sai ta tsaya cak a kan tambarin HP ko Dell. A garin da wuta ba ta zama, wannan ai kamar ba ka da kwamfutar ne.

Abin da ke min ciwo, da yawa kafin su iso wurina an riga an yi musu fomat. Na ga ɗalibi daga Gumel da ya rasa aikin binciken kammala karatunsa gaba ɗaya, kuma kwamfutar ba ta daina sandarewa ba.

Ka gane, lokacin tashi kwamfuta na zuƙar wuta da ƙarfi lokaci guda. Batirin da ya tsufa zai iya nuna maka 80%, amma ya kasa ɗaukar wannan nauyin. Ga zafinmu na Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, zafi kuwa na saurin kashe batir. Yawancinmu kuma na hannu muke saya, batirin ya riga ya sha jiki.

Ga yadda nake gwadawa.

Cire caja, ka kunna, ka shiga BIOS. A HP ka riƙa danna F10, a Dell kuma F2. Ka bar ta a nan kamar minti 5. Idan ta sandare ko ta mutu, Windows ba shi da laifi, ka zargi batir.

Idan ta zauna lafiya, jona caja ka shiga Windows. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai nuna maka inda ya ajiye rahoton. Kwatanta Design Capacity da Full Charge Capacity. In na biyun bai kai rabin na farko ba, batirin ya gaji.

In kuma da sauran ƙarfinsa, shiga Control Panel, Power Options, ka kashe Fast Startup. Sannan ka kashe kwamfutar, ka cire caja, ka zare batir in mai zaruwa ne, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, ka mayar.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: in ka ga wurin linzami ya tasa ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ya kumbura. Daina cajinsa nan take, yana iya kamawa da wuta.

Kafin ka miƙa wa mai gyara, ko a nan ko a Kano, kwafe fayilolinka a filash tun tana tashi da caja. Batir ana sayen wani, aikin shekara guda fa?

Wanda tasa ta ƙi bayan duk wannan, ya rubuto mana samfurinta a ƙasa, mu duba tare.