Na je otal na huta, kuma ban ɓoye ba



Tun da na sa hoton kofin shayi a bakin tagar otal a shafina, saƙonni suke ta shigo mini. Mafi yawa addu'a ce da fatan alheri, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Amma ɗazu bayan Magariba wata yayata ta dangi, wadda nake ganin girmanta sosai, ta kira ni ta ce: "Ke yanzu da aurenki, da 'ya'yanki, da gidanki a cikin garin nan, me ya kai ki kwana a otal? Har kuma ki sa duniya ta gani?" Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri," domin ba a yi mini tarbiyyar musu da manya ba. Sai dai maganar ta tsaya mini a ƙirji, kuma na san ba ita kaɗai take wannan tunanin ba. Wasu sun rubuto, wasu sun yi shiru amma na ji a bakin wasu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk watannin da na yi ina jan jiki da ƙyar, ba wanda ya kira ya ce, "Wance, lafiya kuwa na ga kin rame?" Ranar da na kwanta na huta, ranar ce waya ta fara ƙara.

Ku da kuka daɗe tare da ni a nan kun san aikina. Ungozoma ce ni, a ɗakin haihuwa nake, kuma na sha ba ku labarin yadda abokan aikinmu suke ta tafiya Saudiyya da Ingila, aikin mutum uku ya dawo kan mutum ɗaya. Kun san ciwon Hajiya, mahaifiyar maigidan, da yadda jinyarta ta dawo gidanmu. Kun san yara suna shekarar jarrabawa. Ku haɗa wannan da zafin Kano na watan Afrilu da Mayu, lokacin da rana take haura digiri 40, ga shi ba wuta. In sauko daga aikin dare, in ɗora abincin rana, in gyara Hajiya, in ɗan kishingiɗa cikin gumi, kafin ido ya rufu an yi sallama.

Da farko ciwon kai ne. Sai barci ya daina yi mini amfani, in kwanta a gajiye in tashi a gajiye. Sai ƙaramin abu ya riƙa tunzura ni. Amma abin da ya tsorata ni daban ne. Wata rana yarinya mai haihuwar fari tana riƙe da hannuna tana kuka, ina yi mata duk abin da ya kamata, sai na lura zuciyata ba ta motsa ba ko kaɗan. Ni da na zaɓi aikin nan saboda tausayin mata. Na koma gida na gaya wa Abban yara. Shi ne ya ce in nemi hutuna na shekara, shi ne ya nemo wurin, shi ne ya kai ni da kansa, ƙanwarsa kuma ta zo ta zauna da Hajiya. Allah ya saka musu da alheri.

Wannan hali ba ni na ƙirƙiro shi ba, kuma ba shagwaɓa ba ce. Tun 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kansa, bayan ya ga yadda masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a birnin New York suke ƙarewa a tsaye. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace shi a kundinta na rarrabe cututtuka. Ba ta kira shi cuta ba, ta ce matsala ce da ke tasowa daga matsin aiki mai tsawo wanda ba a shawo kansa ba. Alamu uku ta ambata: ƙarfin mutum ya ƙare, zuciyarsa ta yi nisa da aikinsa har ya fara ƙinsa, sannan ƙwazonsa ya ragu. Duk ukun na gan su a jikina. Kuma ku lura, mutanen da aka fara gano abin a kansu masu kula da wasu ne. Wanda ya damu da mutane shi ne abin ya fi kamawa.

Na san za a ce, to me ya hana ki huta a gidanki? Duk macen da ke karanta wannan ta san amsar. Mace ba ta hutawa a gidanta. Ko kin kulle ɗaki, kunnenki yana tsakar gida. Za a ƙwanƙwasa a tambaye ki ina maggi, ina takalmin makaranta, mai ruwa ya zo, baƙi sun zo gaisuwa, kuma ba za ki ce a ce ba kya nan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Za a ce, ki tafi gidan iyayenki mana. Iyayena sun tsufa, in na je ni ce mai hidima. Za a ce, ki yi tafiya, ga Yankari can a Bauchi da ruwan ɗumin Wikki. Wuri ne mai kyau, amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da kuɗin mota ya zama, kuma wadda gajiya ta kayar ba awannin zaman mota take buƙata ba. A cikin gari, in wani abu ya taso wa Hajiya ko yara, ɗan sahu ɗaya ne zai kawo ni gida.

Sai maganar suna. Na sani, a wajenmu da an ce otal, tunanin mutane wani wuri yake tafiya. Ban ce babu ɓarna a wasu wuraren ba. Amma a otal alhazanmu suke sauka a Makka da Madina. A otal ake saukar da malaman da aka gayyato wa'azi daga wani gari. A ɗakunan taron otal ake yin dinar 'ya'yanmu, mu ci ado mu je, ba mai cewa komai. Ginin bai da laifi, abin da mutum ya shiga yi shi ne abin dubawa. Ni barci na shiga yi, da izinin mijina, da saninsa, da kuɗin guminmu. Zato kuwa kowa ya san matsayinsa a addini, ba sai na tuna wa kowa ba.

Tunda an kawo addini, mu tuna labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah ya yarda da su. Salman ya ziyarci ɗan uwansa ya tarar ya duƙufa da azumi da tsayuwar dare har iyalinsa ta rasa kulawarsa. Ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta har ƙarshen dare, ya nuna masa cewa jikinsa da iyalinsa su ma suna da haƙƙi a kansa. Da labari ya je wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya gaskata Salman. Ibada ce fa aka ce a sassauta saboda haƙƙin jiki. To ina ga aikin albashi da wanke-wanke?

Iyayenmu ma sun san wannan. Mace ta haihu a kai ta gida wanka, ta yi kwana arba'in ba ta ɗora tukunya, ana dama mata kunun kanwa. Akwai zuwa ganin gida, mace ta je ta kwana biyu cikin 'yan uwanta ta dawo da ƙarfinta. Gidan gandu ne, hannuwa da yawa, yau girkin wannan gobe na waccan. Yanzu mun koma gidan haya, mace ɗaya, aikin gwamnati a kanta, aikin gida a kanta, jinya a kanta. An rage masu taya ta, ba a rage kayan ba.

Masu cewa almubazzaranci ne, na ji ku. Na san mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, kuma na san akwai gidajen da abincin dare ma tunani ne. Ban ce kowa ya yi abin da na yi ba. Kuɗin adashina ne, kuma bai kai abin da muke kashewa a ankon biki da gudunmawa a wata guda ba, wanda ban taɓa jin an kira ni an yi mini faɗa a kansa ba. Wadda ba ta da hali, ta haɗa baki da 'yar uwarta: yau ki karɓi yarana in yini ina barci, wani satin in karɓi naki. Hutun ake nema, ba ginin ba.

Ga masu tambayata a ɓoye yadda na yi, ga ɗan abin da na sani. Ki je tsakiyar mako, ya fi shiru, kuma wasu wuraren sukan rage kuɗi. Kafin ki biya, ki tambaya ko janaretansu yana kwana, don wasu tsakar dare suke kashewa. Ki ce a ba ki ɗakin da ya yi nisa da ɗakin taro, in ba haka ba kiɗan biki zai hana ki abin da kika zo nema. Ki shiga ki duba ruwa da na'urar sanyaya ɗaki da sakatar ƙofa da idonki. Ki tafi da katin shaidarki, da dardumarki, da zanin gadonki in kina da ƙyanƙyami, ki tambayi alƙibla tun a wajen karɓar baƙi. Maigidanki ko muharraminki ya raka ki ya yi rajistar da ke, ya fi miki kwanciyar hankali. Abincin otal da tsada, ni daga gida ake kawo mini a kula da yamma, yara su zo mu gaisa su koma. Babba a ciki ita ce waya. Ki kashe data, ki bar layi ɗaya wanda mutum ɗaya kawai zai kira in da larura. In kin shiga ɗaki da rukunonin WhatsApp na wajen aiki, kuɗinki kawai kika kashe.

A matsayina na ma'aikaciyar lafiya dole in ƙara wannan: otal ba ya warkar da abin. Numfashi yake ba ki, ki samu natsuwar da za ki ga abin da ya kamata a gyara. Na dawo na zauna da shugabarmu a kan jadawalin aikin dare, mun zauna da dangin maigidan an raba kwanakin jinyar Hajiya. Kuma in kin huta amma har yanzu ba kya jin daɗin komai, kina yawan kuka, ko kina jin rayuwar ta ishe ki, ki je asibiti. A auna hawan jini da sukari da yawan jininki, in ta kama ki ga likitan ƙwaƙwalwa ki gan shi, ba hauka ba ne.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci hutun aƙalla kwana 6 na aiki da albashinsa bayan ya yi wata 12 yana aiki. Kaɗan ne, amma an rubuta. Matar gida fa, wa ya rubuta mata nata? Ba ta da Asabar, ba ta da Lahadi, ranar Sallah ma ita ce ranar da ta fi kowa wahala. Mu ne a asibiti muke ganin ƙarshen abin, mace ba ta kai arba'in ba an kawo ta jini ya hau, dangi suna ta cewa ai ba ta taɓa cewa tana ciwo ba. Ta faɗa, ba a dai saurara ba. Ko kuma ta ji tsoron irin maganar da za a yi in ta ce ta gaji.

Maza, ku dubi matanku da kyau yau. Iyaye da yayye, in kun ga 'yarku ta yi zuru-zuru, ku tambaye ta tun tana tsaye, ku karɓar mata wani abu daga cikin kayan. Kar ku bari sai an kwantar da ita sannan ku cika asibiti da kwanukan abinci. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa wa masu jinya albarka a ƙarfinsu, amin.