Taurari Biyar da Shaidar Mai Gyara

A hunturun bara ciwon gwiwar mahaifiyata ya tsananta, har ta kai sallar asuba ma a zaune take yin ta. Likita ya rubuta magani, ya kuma ce ta lazimci ruwan ɗumi, wanka da gashi. A gidanmu na Fagge ruwan ɗumi aikin gawayi ne: ƙanwata kan tashi tun assalatu ta hura wuta, ta ɗora tukunya, ta sirka a bokiti. Na ƙudurta zan ɗauke musu wannan wahala. Da farko zuciyata ta raya mini bahon nan na Turawa mai ɗumama ruwa da kansa, wanda mutum kan shiga ya jiƙa jikinsa. Da na ga kuɗinsa, na kuma tuna halin wuta da ruwan famfo a unguwarmu, sai na sauko zuwa ga hitar bango mai cin lita 30.

Dare uku na yi ina duba kantunan intanet. Kowace hita tana da taurari a ƙarƙashinta, daga ɗaya zuwa biyar, sannan da bayanan waɗanda aka ce sun saya. Tsorona ɗaya ne: zan haɗa ruwa da lantarki a ɗaki guda da tsohuwa mai shiga wanka ba takalmi. Don haka da na sami wata wadda taurarinta suka kusa cika, sai na zauna na karanta bayanan ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawansu an rubuta su ne ranar da kaya ya iso. Masu su suna yabon kwali da saurin ɗan aike, ba wanda ya ce ya yi wanka. Wasu sun zo a jere cikin kwana biyu, da lafazi kusan iri ɗaya, kamar ɗalibai sun kwafi allo guda. Can ƙasa na tarar da mutum ɗaya da ya ba da tauraro biyu, ya ce bayan wata huɗu gindinta ya fara yoyo.

A nan ne karatun zaure ya dawo mini. Malaman hadisi ba su karɓar labari sai sun tambayi wane ne ya faɗa, daga wa ya ji, ya yi zamani da shi, kuma yaya adalcinsa da kiyayewarsa suke. Ibn Abi Hatim, wanda ya rasu a shekarar 327 ta Hijira, ya tara mujalladai a kan wannan fanni na jarhi da ta'adili. Maruwaicin da ba a san ko wane ne ba sunansa majhuli, kuma ruwayarsa ba ta tsayawa da ƙafarta. Sun kuma lura cewa yawan hanyoyi yana ƙarfafa labari ne idan hanyoyin ba daga tushe ɗaya suka ɓullo ba. Da wannan ma'auni, taurarin da ke gabana shaida ce ta taron majhulai, wadda mai yiwuwa hannu ɗaya ne ya rubuta rabinta.

Kasuwancinmu na gado ya san wannan matsala tun kafin intanet. Fagge kanta zango ce ta ayarin da ke tsallako Sahara, kuma baƙon da ya sauka da kaya bai san kowa ba sai fatoma da dillali. A littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, Abner Cohen ya nuna yadda cinikin shanu da goro kan gudana bisa bashi, maigida yana tsaya wa mai saye a gaban mai kaya. Kowa ya san dillali yana cin la'ada, amma an san rumfarsa, gobe ma a nan za a same shi, kuma idan ya yabi rubabben kaya sunansa ne zai biya. Har yau a Kantin Kwari ana ba da dilar atamfa a kan kalmar mutum ɗaya. Darajar shaida tana ga abin da mai shaidar zai rasa idan ya yi ƙarya, shi kuwa mai danna tauraro ba ya rasa ko sisi.

Sai dai adalci ya wajaba. Shaidar baki da baki ma tana da nata ciwon, wato kunya da kara. Bahaushe ba ya son kushe hajar maƙwabcinsa. Ka tambaye shi, ya ce “ba laifi”, alhali ya kai ta gyara sau uku. Mun kuma saba da yabon da ake biya, domin maroƙi bai taɓa ganin rowa a gidan da aka ba shi riga ba. Ta nan rashin suna yake da rana: yana ba mai ƙorafi damar faɗin abin da kara za ta hana shi. Shi ya sa na fi amincewa da mai tauraro biyun nan. Ya faɗi tsawon lokaci, ya faɗi wurin da abin ya lalace, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hukumomi ma sun farga. A watan Agusta na 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta fitar da ƙa'idar da ta haramta saye da sayar da bayanan bogi, Birtaniya ta bi sahu a watan Afrilu na 2025, mu kuma muna da hukumar kare masu saye da dokar 2018 ta kafa. Amma doka bayan ɓarna take zuwa, ni kuwa kafin ɓarna nake neman amsa.

Ranar Asabar na tsallaka Sabon Gari. Maimakon masu sayarwa, na nufi wani dattijo mai gyaran kayan lantarki a bayan kasuwa, wanda shagonsa ke cike da matattun hitoci da fankoki. Na nuna masa hoton a waya, na ce, “Baba, an ce wannan taurarinta biyar.” Ya yi murmushi, ya nuna tarin da ke bayansa: “Malam, duk wadda ka gani a nan, an taɓa yabon ta.” Ya bayyana mini cewa abin da ke kashe hita a Kano uku ne: a kunna ta babu ruwa a ciki don famfo ya ɗauke, dattin ruwan burtsatse ya daskare a jikin ƙarfen da ke dafa ruwan, ko wuta ta zo da ƙarfin da ya wuce kima. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da na karanta a intanet, domin masu yabon ba da ruwanmu suke wanka ba. Da na tambaye shi wace iri ce ta fi zuwa gyara, sai ya ja kunnena: wadda aka fi saya ita za a fi gani a shagonsa, saboda haka in tambayi wadda ake samun kayan gyaranta a kasuwar nan. Mutumin da ya rage wa shaidarsa ƙarfi da bakinsa, shi na gaskata.

Na sayi wadda ya nuna, na karɓi rasit mai ɗauke da wa'adin garanti, na sa aka ja mata wayar ƙasa da makunni na daban a wajen banɗaki. Bayan mako guda mai kantin ya aiko saƙo yana roƙon in ba shi taurari a shafinsa. Na gaya wa Hajiya, ta ce, “Wa ke yabon amarya ran da aka kawo ta? Bari ta kwana biyu.” Ban rubuta ba har yanzu. Ina jiran hunturu na biyu ya wuce, sannan in rubuta da sunana da unguwata da ranar da na saya, har da irin ruwan da muke zuba mata.