Daga Suki Zuwa Bakin Bahar Maliya

Mu mutanen Suki ruwan daɗi muka sani, na Shuɗin Nilu. A hunturun 2019 mu da aminanmu, kowa da maiɗakinsa, muka ɗaura tantuna bisa mota, muka bi ta Gadarif da Kasala har Sawakin.

Kwana uku muka yi a kan rairayin gaɓa. Ga ruwa iya ganin ido, amma na sha sai an saya. Hadandawa kuwa suna ta kawo gahawa mai citta. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne tsohon birnin da ke tsibiri, wanda gidajensa na dutsen murjani suka yi ta zubewa tun da Turawa suka mai da tashar jirage Fot Sudan a farkon ƙarni na 20. A nan kakanninmu masu zuwa Makka a ƙasa suka yi zaman jiran jirgi. Wasunsu ko teku ba su gani ba: guzuri ya ƙare, suka tsaya noman auduga a Jazira.

Mu kuwa dare ɗaya jirgin ruwa ya kai mu Jidda. Da yaƙi ya ɓarke a 2023, ta wannan teku aka tsallakar da dubban masu gudun hijira.