Hutun da muka yi a bakin tafkin Phewa

Muna karatu a Indiya aka ba da hutun Diwali, sai wani abokina ɗan Zariya ya kawo shawarar mu leƙa Nepal maimakon zaman ɗaki. Ɗan Najeriya ba a ba shi bizar ƙasar a bakin iyaka, don haka tun daga Delhi muka karɓo tamu. Tsakanin Katmandu da Pokhara, garin da tafkin Phewa yake, kusan kilomita 200 ne kacal, amma motar da muka shiga ta cinye mana yini guda tana zagaya duwatsu, kogin Trishuli yana ta ruri can ƙasa.

Ni haifaffen Katsina ne, inda ido zai yi ta tafiya bai ci karo da komai ba sai kuka da gawo. Da na idar da sallar asuba na fita bakin tafkin Phewa, ban san lokacin da na ce "Subhanallah" da ƙarfi ba. Ga dutsen Machhapuchhre, mita 6,993, ya rufe rabin samaniya, rana ta taɓa ƙanƙarar da ke kansa ta koma ja, ga kuma siffarsa kwance cikin ruwa. Tsohon da ya tuƙa mu a kwale-kwale ya kai mu tsibirin da wurin bautar Tal Barahi yake, muka tsaya daga gefe muna kallon masu kai furanni. Shi ne ya shaida mana cewa gwamnati ba ta ba kowa izinin hawa Machhapuchhre, domin mutanen yankin suna girmama shi. Turawan Ingila da suka kusa kaiwa ƙololuwarsa a 1957 sun juyo saura kaɗan, saboda alkawarin da suka ɗauka cewa ba za su taka ta ba. Wannan ya burge ni fiye da labarin Annapurna da ke bayansa, mai mita 8,091, wanda Bafaranshe Maurice Herzog da abokinsa Louis Lachenal suka hau a 1950, sanyi ya cinye musu yatsun ƙafa.

Abincinmu kullum dal bhat ne, shinkafa da miyar wake da ganye, ana ƙara maka har sai ka ce ya isa.

Abin da har yau nake mafarkinsa shi ne tashi da laima daga tudun Sarangkot, mai tsayin kusan mita 1,600. An ɗaura mini ɗamara, aka haɗa ni da matuƙin da zai zauna a bayana, laimar tana shimfiɗe a ciyawa da igiyoyinta. Ya ce, "Yallaɓai, ka yi ta gudu, kada ka zauna sai na ce." Na yi bisimilla na ruga. Taku kaɗan ƙasa ta bar ƙafata. Babu inji, babu ƙara, iska ce kawai ke kaɗa kunne. Matuƙin yana bin shirwa da ungulu da ido, domin inda suke shawagi nan ne iskar da rana ta ɗumama ke tasowa daga kwari, ita ce ke ɗaga laimar. Muka bi su muna kewayawa muna ƙara yin sama. A ƙarƙashinmu gonakin shinkafa hawa-hawa a jikin tudu, an fara girbi, mata sun sunkuya da lauje kamar dai a fadamar garinmu. Wajen rabin awa muka yi kafin muka sauka a bakin tafki, ƙafafuna suna rawa, zuciyata fes.

Abokin nawa ya zaɓi kwale-kwalen roba a kogin Seti, ya dawo jiƙe sharkaf yana rantsuwar nasa ya fi. Har yau in muka yi waya sai mun taso da wannan gardama, mu yi ta dariya, ga shi kowa ya yi iyali, furfura ta fara leƙowa.

Ɗalibanmu da ke Indiya, in Allah ya hore muku ɗan abin hannu, kada ku bari karatu ya ƙare ba ku je Pokhara ba. Ku nufi watan Oktoba ko Nuwamba, lokacin damina ta ɗauke, gajimare bai rufe duwatsun ba.