Taimakon Farko Ga Wanda Maciji Ya Sara

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Manomi da makiyayi da maharbi sukan yini a daji, inda babu likita, babu ɗakin shan magani. In haɗari ya auku a irin wannan wuri, ran mutum, bayan ikon Allah, yana hannun wanda ke kusa da shi. Saboda haka ya wajaba kowa ya koyi taimakon farko tun yana gida lafiya.

Saran maciji yana cikin haɗurran da ke damun mutanen karkara ƙwarai, musamman lokacin shuka da lokacin girbi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta macizai suna kashe mutum wajen 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara, kuma a 2017 ta sa wannan masifa cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. A Kaltungo, cikin ƙasar Tangale ta Jihar Gombe, har asibiti aka keɓe dominta, gama kububuwa ta yi yawa a wannan yanki. Dafinta yakan hana jini daskarewa, har a ga dasashin mutum yana zubar da jini.

To, abin baƙin ciki, sau da yawa masu son ceton ne ke ƙara ɓarna. Wani ya ɗaure ƙafar tamau da igiya, jini ya daina gudu, naman ya ruɓe, ƙarshenta a yanke ƙafar. Wani ya tsaga wurin da aska, alhali jinin ba zai tsaya ba. Wani ya tsotsa da baki, ko ya manna baƙin dutse, ga shi kuwa ba ɗayansu da ke fid da dafi. Nan ne aka ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da ya kamata ba shi da wuya. A janye mutumin daga inda macijin yake, a kwantar masa da hankali. A cire zobe da munduwa da takalmi tun wurin bai kumbura ba. A ɗaura wa gaɓar kara kamar yadda masu ɗori ke yi, amma sako-sako, don kada ta motsa, gama motsi shi ke yaɗa dafi cikin jiki. Kada a bar shi ya taka. A ɗauke shi bisa jaki ko amalanke ko babur. In yana amai, a kwantar da shi ta gefe don kada ya shaƙe. Kada a ba shi asfirin, domin yana ƙara zubar jini. In kuwa gamsheƙa ce ta tofa masa dafi a ido, sai a yi ta wankewa da ruwa mai yawa nan take.

Bayan wannan sai asibiti, ba tare da biyawa ko'ina ba, gama allurar kashe dafi ita kaɗai ce maganin da aka tabbatar. Yinin da aka ɓata wajen gwaje-gwaje a ƙauye shi ne yakan ci rai.

Ya kamata dagatai da masu unguwanni su tara jama'arsu kafin faɗuwar damina, su gayyaci malamin asibiti ya koya musu wannan, su kuma san tun da wuri asibitin da ke da allurar. Allah Ya kiyashe mu.